Kumfa a Cikin Gilashi: Aibi Ce ko Ado?

Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohuwar kwalba ya dube ta a hasken rana, ko ya ƙura wa munduwar Bida ido, zai lura da waɗansu 'yan ɗigogi masu ƙyalli a cikin jikin gilashin, kamar an yayyafa masa azurfa. Waɗannan ɗigogi iska ce da ta maƙale tun gilashin yana da zafi, ya sandare da ita a ciki, ta rasa ƙofar fita. Ita ce za mu riƙa kira kumfa a wannan maƙala, ko da kuwa ƙwaya ɗaya ce tak.

A jikin kwalba babu mai damuwa da ita. Amma a Amurka da Kanada da waɗansu ƙasashen Turai akwai masu sana'ar hannu da ke ƙera saman kantar ɗakin girki da gilashi zalla, falale guda mai kaurin milimita 38 ko 50, wanda ake yanka nama a kansa, a ɗora tukwane, a yi wanke-wanke a gefensa. Falale mai kaurin milimita 38, kowane murabba'in mita ɗaya nasa yana da nauyin kilo 95, wato ya kusa buhun masara. Yakan kwana biyu ko uku a cikin tanderu, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne. To, a nan ne gardama kan tashi. Mai saye ya biya, an kawo kaya, ya sunkuya ya ga kumfa birjik a ciki, sai ya ce aiki ya ɓaci, a mayar masa da kuɗinsa. Maƙeri kuma ya ce ai wannan ita ce shaidar aikin hannu. Kimiyya tana da ta cewa a wannan shari'a, kuma hukuncinta bai ba kowannensu gaskiya gaba ɗaya ba.

Narkarwa daban, liƙawa daban

Gilashin taga da na kwalba ana yin su ne da abubuwa uku: yashi mai tsabta, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin 100, da tokar soda, wadda dangin kanwa ce, da dutsen laim irin wanda ake haƙa don yin siminti. Ana zuba su a tanderun masana'anta a hura wuta har zafi ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin santigiret, wanda shi ne ma'aunin duk digirin da za mu ambata nan gaba. Tokar soda da dutsen laim duka suna ɗauke da iskar kabon-dayokzaid a ɗaure, zafi kuwa yana kwance ta. Kafin a sami tan ɗaya na gilashi, sai kimanin kilo 180 na wannan iska ya fita. Da za a tara ta a zafin ɗaki, girmanta zai ninka na gilashin da aka samu fiye da sau 200. Ashe ke nan gilashi a cikin kumfa ake haihuwarsa. Abin mamaki shi ne yadda gilashin tagar ajinku ya fito tas, ba yadda na hannu ya fito da 'yan ɗigogi ba.

Maƙerin kanta ba ya bin wannan hanya. Shi gilashin da aka riga aka gama yake saye, falle-falle ko kuma dakakke kamar tsakuwa, ya jera shi a cikin tanderun lantarki, ya ɗaga zafi zuwa wajen digiri 800 kawai. A wannan zafi gilashi ba ya zama ruwa. Laushi yake yi, ya kwanta, fallayen su liƙe da juna su zama jiki ɗaya. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai, amma ta sake bunƙasa a Amurka bayan da kamfanin Bullseye, wanda aka kafa a birnin Fotlan na jihar Oregon a 1974, ya fara sayar da gilasai masu launi iri-iri waɗanda aka gwada aka tabbatar za su liƙe ba tare da sun fasa juna ba. Tsakanin digiri 800 na maƙeri da digiri 1,500 na masana'anta akwai tazarar digiri 700, kuma a cikin wannan tazara sirrin kumfa yake.

Lissafin Stokes

Hausa takan ce kunu ya yi kauri, ta kuma ce katako yana da kauri. Don kada mu rikice, za mu bar kauri ga falale, mu kira ƙin gudu irin na zuma da sunan danƙo. Ruwa danƙonsa kaɗan ne, shi ya sa kumfar lemon kwalba take tasowa nan take. Zuma ta fi ruwa danƙo sau dubbai. Gilashi a tanderun masana'anta danƙonsa kamar na zuma ne, amma a digiri 800 ya ninka na zuma kimanin sau dubu goma.

A 1851 wani masanin lissafi na Jami'ar Kambirij, George Gabriel Stokes, ya fitar da ƙa'idar yadda ƙaramin abu mulmulalle yake tafiya a cikin ruwa mai danƙo. Abubuwa biyu ne suka shafe mu a cikinta. Na farko, in danƙo ya ninka sau goma, saurin tafiya zai ragu sau goma. Na biyu, kuma shi ne mafi daɗin sani, saurin yana bin murabba'in faɗin kumfar ne: kumfar da ta ninka wata faɗi sau biyu za ta fi ta sauri sau huɗu, wadda ta ninka ta sau goma kuma za ta fi ta sau ɗari.

Bari mu gwada da kumfa mai faɗin milimita ɗaya, kamar ƙwayar gero ƙarama. A tanderun masana'anta za ta tashi kimanin rabin mita a awa ɗaya, ta iso sama ta fashe. A tanderun maƙeri kuwa, santimita ɗaya tak sai ya ɗauke ta fiye da mako guda. Maƙeri ba ya barin gilashinsa a ƙololuwar zafi sai na 'yan mintoci, in falalen mai kauri ne na 'yan awoyi. Saboda haka duk ƙaramar kumfar da ta shiga, ta shiga ke nan. Wannan lissafi ne, babu ƙwarewar da za ta soke shi.

Su ma masana'antu ba su tsira a banza ba. Kumfa mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita, ko a wancan zafi mai tsanani, rabin santimita kawai take yi a awa. Dabarar da suke yi za ta ba mai karatu mamaki, domin kumfa suke ƙarawa. Sukan sa ɗan gishirin sodiyam salfet a cikin kayan haɗi. Idan zafi ya kai matuƙa sai gishirin ya saki iska, iskar ta shiga ƙananan kumfa ta kumbura su, manyan su tashi da sauri suna kwashe ƙanana a hanya, kamar yadda babbar mota kan ɗauki masu tafiya a ƙasa. Bayan wannan tacewa ne ake malala gilashin a kan narkakkiyar kuza ya kwanta sumul, hanyar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana wa duniya a 1959, wadda kuma da ita ake yin kusan duk gilashin taga a yau.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan ƙa'ida ba tare da kashe ko sisi ba. A sami kwalbar zuma da ba ta cika ba, a girgiza ta, a ajiye, a lura da waɗanne kumfa ne suka riga isa sama. Sa'an nan a maimaita da kwalba ɗaya da ta sha rana da wata da ta kwana a randa.

Yadda iska ke faɗawa tarko

Idan aka ɗora falle a kan falle, ido zai ga kamar sun haɗu, alhali akwai siririyar iska a tsakani, musamman da yake gilashin da aka murza da hannu fuskarsa ba ta rasa 'yan kwaruruka. Da zafi ya fara hawa, gefuna ne kan riga tsakiya yin laushi, balle a tanderun da wayoyin wutarsa suke jikin bango. Gefen fallen sama sai ya sunkuyo ya liƙe da na ƙasa, ya rufe ƙofa, iskar tsakiya ta zama fursuna. Daga nan sai ta tattaru ta dunƙule, domin fatar gilashi mai laushi tana ɗamewa kamar fatar ɗigon ruwa, kuma siffar da ta fi ƙarancin fata ita ce ta ƙwallo.

Zafi kuma yana ƙara mata girma. Ɗaliban aji huɗu sun san ƙa'idar Charles, wadda ta ce girman iska yana tafiya daidai da zafinta in aka auna shi da ma'aunin Kelbin. Iskar da aka rufe a digiri 600 aka kai ta 800 za ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan da sauƙi. Babbar masifa ita ce laima. Ɗigon ruwa mai girman mililita ɗaya, in ya zama tururi a digiri 800, zai nemi wurin kusan lita biyar. Idan faifan da aka shimfiɗa gilashin a kai bai bushe sarai ba, tururin kan taso daga ƙasa ya kumbura gilashin kamar ƙosai a mai, wani lokaci ya huda shi ya bar rami. Irin wannan kumfa, sakaci ne ya haife ta, kuma mai saye yana da gaskiya in ya ƙi karɓa.

Maƙeri mai lura yana da dabarun rage ɓarna. Mafi shahara ita ce ya tsayar da zafi a wajen digiri 660 na rabin awa ko fiye. A nan gilashi ya yi laushin da nauyinsa zai sa shi ya kwanta sannu a hankali, amma bai kai ga liƙewa ba, sai fallen sama ya matse iskar ta fice ta gefe. Waɗansu kan sa 'yan gutsattsarin gilashi a kusurwoyi su tokare fallen sama, don tsakiya ta riga taɓawa, gefuna su rufe a ƙarshe. Waɗansu kuma kan yanka gilashin siri-siri su jera shi a tsaye, yadda iska za ta bi tsakanin layuka ta fita ta sama. Duk waɗannan ragewa suke yi. Falalen da aka haɗa da fallaye shida ko takwas yana da tsakani biyar ko bakwai, kowanne kuma tarko ne.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba game da kumfar da ta rage. Lokacin da gilashi ya sandare, a wajen digiri 500 da ɗoriya, bangon kumfar ya daina motsi, amma iskar ciki tana ci gaba da hucewa har zuwa zafin ɗaki. Tun da ba ta da damar tsukewa, ƙarfin turawarta ne ke raguwa, ya koma wajen sulusin na iskar da muke shaƙa. Masu tsoron kada kumfa ta kumbura wata rana ta tarwatsa kanta suna iya kwantar da hankalinsu. Ƙyallin azurfa da take yi kuwa aikin haske ne: hasken da ke tafiya a cikin gilashi, in ya tarar da iska a karkace fiye da digiri 42 na kusurwa, ba ya ƙetarawa, dawowa yake yi gaba ɗaya kamar ya bugi madubi.

Daga Murano zuwa Krobo

Girman tsakuwar gilashin da aka yi aiki da ita shi ke yanke hukuncin yadda falale zai kasance. Manyan gutsattsari kan bar kumfa kaɗan masu girma, a ga ƙasa ta cikinsu. Gari mai laushi kuwa kan bar miliyoyin kumfa da ido ba ya rarrabewa, kowacce tana karkatar da haske, sai falalen ya fito fari kamar nono. Dalilin da ya sa kumfar sabulu take fara alhali ruwan sabulun garai yake, shi ne dai wannan.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga misali. Mutanen Krobo na ƙasar Gana suna daka kwalabe su zama gari, su zuba a 'yan ramukan yumɓu, su soka tsinken rogo a tsakiya don ya ƙone ya bar huda, su gasa a tanderun itace. Duwatsun wuyan da ke fitowa ba a ganin haske ta cikinsu, ko da kwalbar asali garai take, saboda ɗimbin 'yan guraben iska da suka rage a tsakanin ƙwayoyin garin. Wannan liƙa gilashi ne sak, ɗan'uwan aikin maƙerin kanta. Masagan Bida kuwa, waɗanda S. F. Nadel ya yi bayanin sana'arsu a littafinsa kan ƙasar Nufe a 1942, narkar da fasassun kwalabe suke yi a murhun yumɓu da zugazugi, su naɗa gilashin a jikin sandar ƙarfe. Wutar itace ba ta kai zafin da zai kori kumfa, don haka ake ganinta a mundaye da tsakiyarsu. Masu binciken kayan tarihi ma da ita suke gane yadda aka yi dutsen wuya: in kumfar ta miƙe tare da huda, jawo gilashin aka yi, in ta kewaye hudar, naɗa shi aka yi.

A tsibirin Murano na Italiya, inda aka tattara maƙeran gilashin Benis tun 1291, an shafe ƙarnoni ana fafutukar samun gilashi garai marar ɗigo. Sai ga shi a ƙarshen shekarun 1920 Napoleone Martinuzzi, na kamfanin Venini, ya fito da gilashin da aka cika shi da kumfa da gangan, ana kiransa pulegoso, masu kuɗi kuma suka yi ta rububinsa. Abin da kakanni suka ɗauka aibi, jikoki suka sa masa farashi. Wannan ɓangare na gardamar, kimiyya ba ta da bakin magana a cikinsa, sha'awa ce.

Wace kumfa ce abin tsoro?

Inda kimiyya take da bakin magana shi ne batun ƙarfi. A 1921 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi da gilashi, ya nuna cewa abin da ke karya shi ƙananan tsagogi ne masu kaifin baki, domin duk nauyin da aka ɗora yana taruwa ne a bakin tsagar. Gwargwadon kaifin baki, gwargwadon taruwar. Mai yankan gilashi a kasuwa da wannan yake cin abinci: ya ja layi ɗaya siriri da bakin lu'ulu'u, ya ɗan danna, falle ya rabu biyu. Kumfa kuwa mulmulalliya ce, ba ta da baki ko kaɗan. Lissafi ya nuna nauyin da ke taruwa a gefen rami mai siffar ƙwallo ninki biyu ne kawai, alhali a bakin tsaga yana iya zama ninki ɗari ko fiye. Bugu da ƙari, idan falale ya ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin kaya, fuskarsa ɗaya ce ke miƙewa, ɗayar ta matse, tsakiyar kaurinsa kuwa kusan hutawa take yi. Ƙaramar kumfa da ke zaune can tsakiya, a ganina, ba dalilin mayar da kaya ba ce.

Ta kusa da fuska ita ce matsala. Fatar da ta rufe ta na iya zama siririya kamar ɓawon ƙwai, gindin tukunya ya fasa ta, ta bar rami mai kaifin gefe da zai yanki yatsa, ya tara maiƙo da ruwan nama, ya kuma zama mafarin tsaga. Haka nan wadda aka yanko ta biyu wajen gyara gefen falale, da doguwa mai tsini da ta nuna fallaye biyu ba su gama liƙewa ba. Waɗannan uku aibi ne, ko maƙeri ya kira su da wane suna.

Abin da ido ba ya gani

Sai dai kuma mafi yawan falalen da ke fashewa ba kumfa ce ke fasa su ba. Gilashi ba ya saurin watsa zafi. Idan aka fara hucewa, fatarsa kan riga cikinsa sandarewa. Daga baya cikin ya huce yana neman tsukewa, fatar ta hana shi, sai ja-in-ja ta ɗore a tsakaninsu. Falalen zai fito kyakkyawa, babu alamar komai, ya yi wata shida a ɗakin girki, ran nan a ɗora masa tukunya mai zafi ko ƙarfe ya ɗan karce shi, sai a ji ƙas, ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Haka kuma yake faruwa in aka liƙa gilasai biyu da ba sa tsukewa daidai da juna, alal misali kwalbar lemo da gilashin taga.

Maganin shi ne haƙuri. Ana tsayar da zafi a inda gilashi ya yi tauri amma ƙwayoyinsa na iya ɗan gyara zama, wato digiri 482 ga gilashin Bullseye, har ciki da waje su daidaita, sa'an nan a sauko da shi a hankali. Nan ma murabba'i ya sake ɓullowa. Jadawalin kamfanin ya nuna falale mai kaurin milimita 25 ana tsayar da shi awa 4, a fara sauke shi da digiri 15 a awa. Mai milimita 50 kuwa awa 8 ne, kuma saukar ba ta kai digiri 4 a awa ba, har aikin hucewa kaɗai ya ci kusan kwana biyu. Kauri ya ninka biyu, sauri ya ragu huɗu. Da kamfanin Corning na Amurka ya zuba gilashin madubin hangen taurari na dutsen Paloma a watan Disamba na 1934, mai faɗin mita biyar, wata goma aka yi ana hutar da shi. Maƙerin da kuɗin wutar lantarki ya sa shi gaggawa, a nan yake cutar mai saye, kuma babu ɗigo ko ɗaya da zai tona shi.

Amma akwai abin da ke tona shi. A 1816 David Brewster na ƙasar Sikotlan ya nuna cewa gilashin da ke cikin matsi yana sauya halin hasken da ya ratsa shi, kuma ana ganin sauyin in aka sa gilashin a tsakanin matatan haske guda biyu, irin waɗanda ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce. Har yau da wannan maƙera ke duba aikinsu. Ɗalibi ma zai iya gwadawa. Fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta yawancin talabijin na bango irin wannan tataccen haske suke fitarwa, tabaran rana masu kashe ƙyalli kuma matata ce. A buɗe farin shafi a kwamfuta, a sa tabaran, a karkata kai har fuskar ta yi duhu, sa'an nan a riƙe rula ta roba garai a tsakani. Launuka za su bayyana kamar bakan gizo, su fi yawa a kusurwoyi da gefen huda, inda robar ta huce da gaggawa a masana'anta. A gwada da gindin kofin gilashi mai kauri, a kuma gwada da dutsen wuya na gilashi in haske yana ratsa shi. Wanda aka hutar da kyau zai zauna da duhunsa, ko da kumfa goma ce a cikinsa. Wanda aka yi wa gaggawa zai nuna fararen gizagizai a gefuna da kewayen duk wani baƙon gutsure da aka liƙa masa.